FASHIN BAƘI: Baƙin ciki a gidan aure, wanne ne na haƙuri, wanne ne na asibiti, wanne ne na alƙali

A ƙasar Hausa, babban guzurin da ake yi wa amarya ranar da za a kai ta ɗakinta shi ne kalmar haƙuri. Iyaye su faɗa mata, gwaggwanni su maimaita, shi ma ango a ja shi gefe a faɗa masa irinta. Nasihar tana da tushe, domin an ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Sai dai kalma ɗaya ba ta isa ta zama maganin duk abin da ke sa mutum ya wayi gari zuciyarsa a cunkushe. Abin da ake kira damuwa a gidan aure ya kasu gida uku: akwai ɓacin ran yau da gobe, akwai cuta, akwai kuma tauye haƙƙi. Kowanne da ƙofar da ake ƙwanƙwasa masa, kuma yawancin wahalar tana zuwa ne idan aka kai ɗaya ƙofar ɗan'uwansa.

Wannan bayani ya ɗauki Toranke a matsayin ma'auni. Toranke ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Ajingi, a gabashin Jihar Kano, maƙwabciyar Gaya, kusa da iyakar Jigawa. Ƙidayar 2006 ta ba Ajingi mutum sama da 170,000, mafi yawansu manoma da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i. Abin da ya shafi magidanta a nan ya shafi mafi yawan mazaɓu 484 na jihar, waɗanda ba sa kusa da manyan asibitocin birni.

Kashi na farko: ɓacin ran yau da gobe

Wannan shi ne wanda ake iya nuna sanadinsa da yatsa. Cefane bai isa ba, an yi cacar baki da daddare, uwar miji ta yi magana mai zafi, an yi wa kishiya abin da ba a yi wa ɗaya ba, yaro ba shi da lafiya, amarya tana kewar gidansu. Alamarsa ita ce yana zuwa yana tafiya. Mai shi yana cin abinci, yana barci, yana dariya idan abin dariya ya zo, kuma idan sanadin ya kau ko aka ba shi haƙuri, ransa yana sanyi.

A karkara irin ta Ajingi, wannan nau'i yana da kalandarsa. Bayan an gama girbin gero da dawa da gyaɗa, maza da yawa kan tafi ci-rani Kano ko Abuja ko kudu, su bar mata da yara wata uku ko huɗu, wani lokaci da ɗan abin da ba zai kai su ba. Idan damina ta yi nisa kuma, rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, aiki ya yi yawa, sai tsiya ta shiga tsakanin harshe da haƙori. Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, nauyin ya ƙaru. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Magidancin da ya kasa sauke nauyin gidansa sau da yawa ba ya cewa yana cikin baƙin ciki. Sai dai ya riƙa daɗewa a majalisa, ya dawo fuska a ɗaure, ya yi faɗa a kan gishirin miya. Ita kuma matar ta fassara shirunsa da ƙiyayya.

Kashi na biyu: ciwon damuwa

Likitoci suna raba cuta da ɓacin rai da ma'auni biyu: tsawon lokaci da kuma yadda abin ya taɓa rayuwa. Idan mutum ya kwashe mako biyu ko fiye, kusan kullum, kusan wuni guda, cikin ƙuncin rai ko rashin jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa, ana zargin ciwon damuwa. Yakan zo da rakiya: rashin barci ko farkawa tun kafin asuba a kasa komawa, rashin sha'awar abinci, kasala marar dalili, rashin tattara hankali, ganin kai ba shi da amfani, zargin kai, da tunanin cewa mutuwa ta fi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum kimanin miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, kuma ya fi kama mata fiye da maza da kusan rabi. Ta kuma ce fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu juna biyu da masu jego suna kamuwa da shi.

A asibitocin ƙasar nan, mai wannan ciwo ba kasafai yake shiga ɗakin likita ya ce yana baƙin ciki ba. Abin da ya fi faɗa shi ne ciwon kai da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, zafi a tsakiyar kai, nauyin ƙirji, jin kamar wani abu yana yawo a jiki. Sai a rubuta masa maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifod ko na olsa, ya sha, ya dawo bayan wata guda da kukan da ya zo da shi. A gida kuma a ce sammu ne, ko iska, ko hannun kishiya, wanda hakan kan ƙara rura wutar gaba a gidan da dama yake neman sulhu.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a ilimin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya raba baƙin cikin da aka san sanadinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauka a kan mutum ba tare da wani dalili na zahiri ba. Na farko ya ce ana magance shi da nasiha da gyaran tunani, na biyu kuma yana da tushe a jiki, don haka yana buƙatar magani. A tarihin Manzon Allah (SAW) ma akwai shekarar da aka sa wa suna Shekarar Baƙin Ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Saboda haka fassara kowane ƙunci da raunin imani ba shi da madogara, kuma addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Akwai kuma cututtukan jiki da ke kama da ciwon damuwa ko su tsananta shi, musamman ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Matar da ke yawan kasala da haki ta cancanci gwajin jini kafin a kira ta raguwa.

Jego: lokacin da ya fi hatsari

Mata da yawa kan ji saurin kuka da rashin sukuni kwana biyu ko uku bayan haihuwa. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Idan ya zarce haka, mai jego ta daina sha'awar jaririnta, ko ta riƙa jin ba za ta iya ba, ko ta kasa barci ko da jaririn yana barci, to abin ya zama ciwon damuwar bayan haihuwa. Akwai nau'i mafi tsanani da ke kama mace ɗaya ko biyu cikin dubu, inda take rikicewa, ta riƙa jin muryoyi ko faɗin abin da ba shi ne ba. Wannan na gaggawa ne, asibiti ake nufa da ita a ranar.

Al'adar goyon ciki, wato komawar mace gidan iyayenta don haihuwar fari, da zaman wankan jego na kwana arba'in ƙarƙashin kulawar uwa ko kaka, kariya ce babba ta wannan fuska. Tana ba mai jego hutu da abinci da abokin hira. Matsalar ita ce ba a cika yi wa mai haihuwa ta biyar ko ta shida wannan gata ba, alhali ita ce ke tashi daga kan gado ta koma murhu da daka da rainon sauran yara.

Kashi na uku: baƙin cikin da wani ya jawo

Akwai ƙuncin da ba cuta ba ce, kuma ba saɓanin harshe da haƙori ba ne. Duka, zagi na yau da kullum, hana abinci ko magani, tafiya ba labari ba aike, rashin adalci a rabon kwana, da auren dole, duk tauye haƙƙi ne. Ba wa mai wannan hali ƙwayar magani ko nasihar haƙuri kaɗai daidai yake da share jini a bar ƙaya a cikin ƙafa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Kano ke hukunci da shi a al'amuran aure, ya ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa da matsuguni, ya kuma ba mace damar kai ƙara idan ana cutar da ita, har alƙali ya raba auren idan cutarwar ta tabbata. Akwai khul'i ga wadda ta ga ba za ta iya zama ba. Kafin a kai nan, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A aikace, matakan da aka saba bi su ne waliyyai, sai limami ko mai unguwa ko dagaci, sai ofishin Hisbah, wadda dokar jiha ta kafa hukumarta a 2003, sannan kotu.

Yankin Gaya ya ga ƙarshen abin da toshe waɗannan ƙofofi ke haifarwa. A watan Afrilun 2014, an kama wata yarinya 'yar shekara 14 a wani ƙauye na ƙaramar hukumar, bisa zargin sanya guba a abincin da ya kashe mijinta mai shekara 35 da wasu mutum uku, makonni kaɗan bayan ɗaurin aure. Rahotanni sun ce ta shaida wa 'yan sanda cewa ba ta son auren. An gurfanar da ita a Babbar Kotu da ke Gezawa, kuma a 2015 gwamnatin jiha ta janye ƙarar. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne wanda ba ya shiga jarida: mace ta rame a ɗaki shekara da shekaru, ko auren ya mutu a watanninsa na farko.

Abin da ma'aurata za su iya yi da kansu

Ga ɓacin ran yau da gobe da ciwon damuwa marar tsanani, akwai matakan da binciken likitoci ya tabbatar da amfaninsu, kuma ba sa cin kuɗi.

Na farko shi ne kiran abin da sunansa a lokacin da ya dace. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma abin da aka haɗiye ya daɗe yakan fito ta wata hanya. Zance irin wannan ba a yin sa a tsakiyar faɗa ko a gaban yara ko kishiya. Akwai bambanci tsakanin mace ta ce, "Malam, kwana biyu raina ba daɗi, ina so mu yi magana," da ta ce, "Kai dama ba ka damu da ni ba." Na farko yana buɗe ƙofa, na biyu yana sa a ɗauki garkuwa. Shi ma maigida da ya ce, "Maman yara, kasuwa ce ta tsaya, ba laifinki ba ne," ya sauke mata zargin da take yi wa kanta. Wanda ake faɗa wa kuma aikinsa na farko saurare ne, ba gaggawar yanke hukunci ko wa'azi ba.

Na biyu shi ne komawa ga ayyuka ko da zuciya ba ta so. Ƙunci yana sa mutum ya janye, janyewar kuma ta ƙara ƙuncin. Masana suna karya wannan zagaye ta hanyar sa mutum ya tsara ƙananan abubuwa a kowace rana, ya yi su ba tare da jiran sha'awa ta zo ba: kitso, ɗinkin hula, ƙulla ƙuli-ƙuli, zuwa Islamiyya, kiwon akuya, zagaya gona. Sana'ar cikin gida tana da riba biyu, kuɗin kashewa da kuma shigowar mutane.

Na uku shi ne zumunci. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda ƙawance da biki da ziyarar gida suka kasance ginshiƙan rayuwar matar aure. Su ne har yau: ƙawa, adashi, suna, ganin gida. Mijin da ya hana matarsa waɗannan gaba ɗaya ya ɗauke mata abin da ke riƙe da lafiyar hankalinta. Yaji da biko ma, duk da sunan da suka yi, hanya ce da al'ada ta tanada don a sarara, manya su ji abin da ke faruwa. Ga masu ci-rani kuwa, kiran waya a lokaci sananne da aike ko da kaɗan ne suna rage zullumin wadda aka bari.

Na huɗu shi ne barci da abinci da hutu, musamman ga mai shayarwa. Miji ko 'yar'uwa da ta karɓi jariri awa biyu da rana ta yi aikin magani.

Na biyar shi ne nisantar maganin ƙarya. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da su a shekarar da ta gabace shi, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, bayan rahoton binciken BBC da aka ɗauki wani sashensa a Kano. Kodin da tiramol da ƙwayar barcin da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba suna kwantar da ƙunci na awanni, su dawo da shi ninki biyu.

Yaushe ake tafiya asibiti

Idan alamomin sun wuce mako biyu, ko mutum ya kasa aikinsa na kullum, ko ya daina ci da sha, lokaci ya yi. Idan kuwa ya fara maganar mutuwa, ko yin sallama da rabon kayansa, ko ya ce yaransa za su fi jin daɗi ba shi, ba a jira gobe. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti mafi kusa. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

Ciwon damuwa yana warkewa. Ana magance shi da zaman tattaunawa da ƙwararre, ko da magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine, ko duka biyun. Magungunan sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga canji, ana ci gaba da shan su watanni bayan an ji sauƙi, kuma ba a dainawa sai da shawarar likita. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita halin da take ciki.

Inda siyasa ta shigo

Tambayar ita ce wane asibiti. Ƙwararrun wannan fanni a Kano sun taru ne a birni da kewayensa: sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin Dawanau. Mutumin Toranke da zai je Dawanau sai ya shigo birni daga gabas, ya ratsa shi, ya fita ta hanyar Katsina, da kuɗin mota na mutum biyu da asarar wuni guda, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana da likitocin ƙwaƙwalwa ƙasa da 300.

A kan takarda an yi nisa. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, da burin samun cibiya mai aiki a kowace mazaɓa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sai dai sabuwar dokar ba ta soke sashe na 231 na kundin Penal Code ba, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa dangi ɓoye marar lafiya.

A ɓangaren aure, ƙoƙarin gwamnatocin Kano ya fi karkata ga ƙofar shiga. A Janairun 2009 Hisbah ta hana gangamin zawarawa da Hajiya Altine Abdullahi ta shirya don nuna yawan sakin aure. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara auren zawarawa, kuma a Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi kira da a kafa dokar iyali da za ta taɓa dukan mata da ƙarin aure ba tare da hali ba. A 2024 jihar ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya shafi cutar ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin sikila. Duk waɗannan suna duba ranar ɗaurin aure ko ranar mutuwarsa. Shekarun da ke tsakani, inda ake zama da ƙunci a rufe, su ne ba su da mai kula.

Wasu ƙasashe masu ƙarancin likitoci sun nuna ba sai an jira ƙwararru ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, an horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa zaman tattaunawa da masu ciki da masu jego, kuma sakamakon da aka buga a mujallar Lancet a 2008 ya nuna raguwar ciwon da fiye da rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi musu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin horo a 2015. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattijai mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. A Ibadan, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada ba ma'aikatan cibiyoyin matakin farko horon gano ciwon damuwa da kula da shi.

Kayan aikin suna nan a Ajingi da Gaya: ma'aikatan lafiya na al'umma, ungozoma, malaman Islamiyya mata, da Babban Asibitin Gaya a matsayin wurin turawa. Takardar tantance damuwar masu jego da aka ƙirƙira a Edinbara a 1987 tambaya goma ce kacal, ana iya yin ta a ranar awo ko ranar rigakafin jariri. Abin da matasan yankin za su iya tambayar kansilan Toranke, da shugaban ƙaramar hukumar Ajingi, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Gaya da Ajingi da Albasu, a fili yake: ma'aikata nawa ne a cibiyar mazaɓa aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa, shin akwai magungunan a kantin cibiyar, nawa aka ware wa wannan fanni a kasafin bana, kuma ina jami'in Hisbah ko mai unguwa zai tura matar da ya ga damuwarta ta wuce sulhu.